Duba Irin Na Turawa: Me Kati Biyu Ke Faɗa In Sun Haɗu?

(Jawabin da aka gabatar a zaman muhawara na ɗalibai, muka kuma ga ya dace mu buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)



 Batun da za mu tattauna a kansa yau shi ne wani irin duba da Turawa ke yi da katuna, wanda suke kira tarot. Faransawa ba sa furta harafin ƙarshe na wannan kalma, sai su ce "taro", amma mu za mu bar masa harafinsa domin kada ya rikice da taron da muke ciki yanzu.

Watakila wani ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan ɗalibin jami'a ko matashin ma'aikacin gwamnati da kartar bokayen Turai? To, ruwansu ne, domin abin ya riga ya iso gare mu ta fina-finai da littattafai, ya kuma iso ta intanet da wayar da ke cikin aljihunmu. Ɗalibin da zai ji kunya a gan shi tsugune a zauren ɗan duba, shi ne zai kwanta a ɗakinsa ya latsa waya, a juya masa kati biyu, a gaya masa makomar jarrabawarsa ko ta neman aurensa, ya kuwa saurara da kunnen basira saboda abin ya zo da Turanci da zane mai kyau. Saboda haka muka ga ya kamata mu buɗe cikin abin mu gani. Abin da muke so mu nuna shi ne, ma'anar da ake cewa katunan na ɗauke da ita, mai duba da mai tambaya ne ke ƙera ta tsakaninsu, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar wajen fassara haɗuwar kati biyu.

Asalin Katunan

Karta ta shiga Turai ne a cikin shekarun 1370, daga ƙasar Masar ta zamanin sarakunan Mamluk. A 1377 har hukumar birnin Fulorans ta Italiya ta kafa dokar hana wasan. Akwai wata tsohuwar kartar Mamluk da ke ajiye a fadar Topkapi ta birnin Istambul, wadda wani masani mai suna L. A. Mayer ya bayyana wa duniya a 1939. Gida huɗu gare ta: kofuna, da takubba, da sulalla, da sandunan wasan ƙwallon dawaki. Har yau Sifaniyawa na kiran kati "naipe", kalmar da masana da yawa ke ganin daga "na'ibi" ta Larabci ta samo asali, domin a kartar Mamluk akwai sarki da na'ibansa biyu.

Wajen 1440 sai masu mulkin arewacin Italiya, a birane irin su Milan da Ferara da Fulorans, suka ƙara wa kartar wasu katuna masu hotuna domin wasan ya ƙara armashi. Haka aka sami tarot mai kati 78. Daga ciki 56 sun kasu gida huɗu, kowane gida da kati 14, watau daga ɗaya zuwa goma, sa'an nan Zagi da Barde da Sarauniya da Sarki. Ragowar 22 su ne manyan katuna: 21 masu lamba, irin su Masoya da Adalci da Mutuwa da Shaiɗan da Hasumiya da Wata da Rana, sai kuma Wawa. Aikin manyan a wasa shi ne su cinye ƙanana, babba kuma ya cinye wanda bai kai shi lamba ba.

Kusan shekara 300 aka yi ana wannan wasa ba tare da an san tarot da wani tsarin duba ba. Har gobe ana buga shi a Faransa da Ostiriya, Faransawa ma sun kafa masa ƙungiya ta ƙasa a 1973. Malamin falsafar nan na Jami'ar Okusfod, Michael Dummett, ya bi diddigin wannan tarihi a babban littafinsa na 1980, ya kuma tabbatar da cewa wasa ne asalin abin.

Yadda Wasa Ya Koma Duba

A 1781 wani malamin kirista na Faransa, Antoine Court de Gébelin, ya buga wani bayani mai ban mamaki. Ya ce ya tarar ana wasan a gidan wata mata a Faris, da ya dubi hotunan sai nan take ya gane cewa ragowar wani littafin hikima ne na bokayen Masar ta zamanin Fir'auna. Bai kawo wata hujja ba, ba kuma mai iya ƙaryata shi a lokacin, domin babu wanda ya iya karanta rubutun Masarawan dauri. Sai a 1822 Champollion ya warware wannan rubutu, kuma daga ranar zuwa yau ba a sami ko layi ɗaya mai maganar tarot a cikinsa ba. Abin dariyar shi ne, lalle karta ta biyo ta Masar, amma Masar ta Musulunci, kuma domin wasa.

Wanda ya mai da abin sana'a shi ne Jean-Baptiste Alliette, ɗan kasuwar Faris mai sayar da irin shuka, wanda ya juya sunansa ta baya ya koma Etteilla. Tun a 1770 ya buga littafin duba da kartar wasa ta yau da kullum, inda ya ba kowane kati ma'ana in ya fito a miƙe, da wata ma'anar in ya fito a kife, da kuma abin da zai nufa in ya haɗu da wani. Bayan fitowar maganar Masar sai ya koma kan tarot, ya buga nasa katunan wajen 1789. A tsakiyar ƙarni na 19 Éliphas Lévi ya ɗaura manyan katuna 22 a kan haruffa 22 na Ibrananci. A 1888 aka kafa wata ƙungiyar asiri a Landan mai suna Golden Dawn, ta ƙara nata ƙa'idojin. Daga ƙarshe, a 1909, wani ɗan ƙungiyar mai suna Arthur Edward Waite ya sa wata mai zane, Pamela Colman Smith, ta zana sababbin katuna, waɗanda su ne aka fi sani a duniya yanzu.

Aikin wannan mata ya canza abin ƙwarai. A yawancin katunan da suka gabata, irin na Marsiliya, in an ce Takubba Uku to takubba uku kawai za ka gani. Ita kuwa sai ta zana zuciya, takubba uku sun soke ta, ga hadari da ruwan sama a baya. Haka ta yi wa dukan ƙananan katuna, kowanne ta ba shi ɗan labarinsa. Daga nan ajiye kati biyu gefe da gefe ya zama kamar ajiye shafi biyu na littafin hotuna.

Hanyoyin Haɗa Kati Biyu

Masu wannan sana'a kan ce kati ɗaya kalma ce, kati biyu jimla. Ra'ayinsu shi ne maƙwabci na shafar maƙwabcinsa, kamar yadda Bahaushe ke cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ko a shimfiɗar nan ta kati goma da Waite ya yaɗa, ana fara ne da kati biyu, ɗaya a gicciye bisa ɗaya: na ƙasa halin da mai tambaya ke ciki, na sama abin da ya tare masa hanya. Bari mu duba manyan hanyoyin da suke bi.

Hanya ta farko ita ce ta jerin lokaci, a karanta daga hagu zuwa dama. Katin Hasumiya na nuna dogon gini, tsawa ta faɗa masa, mutum biyu na rikitowa ƙasa. Katin Rana na nuna yaro bisa farin doki cikin haske. In Hasumiya ce a gaba, Rana a baya, sai a ce bayan wuya sai daɗi. In Rana ce ta fara, sai a ce daɗin da ake ciki zai rushe.

Ta biyu ita ce ta suna da sifa: katin farko shi ne batu, na biyu yana bayyana halinsa. An aro wannan ne daga wata karta dabam mai kati 36, wadda aka laƙaba wa sunan shahararriyar 'yar duban Faris, Marie Anne Lenormand, bayan mutuwarta a 1843. A wannan karta Kifi na nufin kuɗi, Ɓeraye na nufin asara, saboda haka haɗuwarsu ita ce dukiya na zurarewa. Zobe alkawari ne, Lauje yankewa, in sun haɗu baiko ya tashi.

Ta uku ita ce ta 'yan Golden Dawn, waɗanda suka raba gidajen huɗu bisa tsohon ra'ayin Girkawa na asalin halitta: sanduna wuta, kofuna ruwa, takubba iska, sulalla ƙasa. Suka ce kati biyu 'yan gida ɗaya suna ƙarfafa juna, ko a alheri ko a sharri. Wuta da ruwa abokan gaba ne, haka iska da ƙasa, in sun haɗu kowanne na raunana ɗan'uwansa.

Ta huɗu ita ce ta kallon fuska, wadda masu bin tsarin Marsiliya suka fi so. In mutanen da ke cikin katunan biyu suna fuskantar juna, akwai jituwa, in sun ba juna baya, akwai saɓani. Ta biyar kuwa ta lissafi ce: a tara lambobin katunan biyu, a nemi babban katin da ke da wannan lamba, a ce shi ne sirrin haɗuwar. Bisa dukan waɗannan kuma ga maganar kifewa, wadda ke iya juya ma'anar kowane kati, ko ta rage ta, ko ta jinkirta ta.

To, yanzu mu gwada su a kan misali guda. A ce saurayi ya tambaya game da aurensa, aka juya Kofuna Biyu da Sanduna Huɗu. A na farko namiji da mace ne ke miƙa wa juna kofi. A na biyu sanduna huɗu ne a kafe, an ɗaura musu furanni, mutane na murna a baya. Mai bin hoto da jerin lokaci zai ce, albishirinka, soyayya ce za ta kai ga biki. Mai lissafi zai ce biyu da huɗu shida, shida kuwa lambar Masoya ce, abu ya yi kyau. Amma ɗan Golden Dawn zai girgiza kai ya ce kofi ruwa ne, sanda wuta, abokan gaba ne suka haɗu, kowanne ya kashe ƙarfin ɗaya, auren nan da sauran rina a kaba. Katunan ba su motsa daga inda suke ba, amma ga albishir ga gargaɗi, kuma kowane mai duba yana da littafin da zai kafa hujja da shi.

Ita kanta hanyar lissafi tana da wata ɓaraka. A kartar Marsiliya lamba 8 Adalci ce, 11 Ƙarfi. 'Yan Golden Dawn suka musanya su domin su dace da jerin taurarin da suka tsara, Waite kuma ya bi su. Saboda haka in Mai Dabo, mai lamba 1, ya haɗu da Karusa, mai lamba 7, ɗan duban Faransa zai ce maganar shari'a ce, na Ingila ya ce maganar jimiri ce. Watau makomar mutum ta rataya ke nan a kan ƙasar da aka buga kartar.

Abin da Lissafi Ya Nuna

Mu ɗalibai ne, saboda haka bari mu ɗauki alƙalami. Katin farko na iya zama kowanne daga cikin 78, na biyu kowanne daga cikin 77 da suka rage. In an ninka, haɗuwa 6,006 ke nan. In an sa kifewa a ciki, kowace haɗuwa ta kasu huɗu, sun zama 24,024. In kati uku ne, ko ba a yi maganar kifewa ba, sun kai 456,456. Wane ne ya taɓa zama ya bi rayuwar dubban mutane domin ya ga ko haɗuwa kaza na kawo abu kaza? Likita ba ya ba da magani sai an gwada shi a kan jama'a an rubuta sakamako. Ma'anonin tarot kuwa mun san mutanen da suka rubuta su, mun san shekarun da suka yi, mun kuma ga ba su yarda da juna ba.

Har wa yau, a shimfiɗar kati goma akwai haɗuwa 45 ta bibbiyu. Mai duba ba zai fassara su duka ba, zai zaɓi uku ko huɗu ne waɗanda suka yi daidai da abin da ya riga ya fahimta daga mai tambaya, ya kau da kai daga sauran. Wanda aka ba kibiya 45 ya harba, ba abin mamaki ba ne in uku sun sami bara.

Katunan ban tsoro ma ba su da wuyar fitowa kamar yadda ake zato. In an juya kati goma, samun aƙalla ɗaya daga cikin Mutuwa da Shaiɗan da Hasumiya yakan faru wajen sau 34 cikin 100, watau sau ɗaya cikin uku. In kuwa Mutuwa ta fito, masu duban zamani kan yi maza su ce ai ba mutuwa take nufi ba, sauyi ne, ƙarshen wani abu da farkon wani. Wane mahaluki ne ba ya cikin sauyi? Wanda zai gama makaranta yana ciki, wanda aka yi wa canjin wurin aiki yana ciki, amarya tana ciki. Maganar da ta dace da kowa ba ta ba da labarin kowa ba.

Ina Ma'anar Take Fitowa?

Duk da haka mutane masu hankali kan tashi daga gaban mai duba suna rantsuwa cewa ya faɗi gaskiya. Ba ƙarya suke yi ba, akwai dalilai uku da suka sa haka.

Na farko, ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta iya ganin abu biyu kusa da juna ta ƙyale su ba ta ƙulla musu dangantaka ba. Wajen 1920 wani mai shirya fim na ƙasar Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada wannan. Kamar yadda abokin aikinsa Pudovkin ya ba da labari, an ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa, Ivan Mosjoukine, fuskar ba yabo ba fallasa, aka haɗa ta da hotuna uku dabam-dabam: kwanon miya, da gawa cikin akwati, da yarinya tana wasa. 'Yan kallo suka yi ta yaba gwanintarsa, yadda ya nuna tunani a nan, baƙin ciki a can, murmushi a gaba, alhali kuwa fuska ɗaya ce ba ta canza ba. Marubucin Italiya Italo Calvino ya gina littafi sukutum a kan wannan hali a 1973: matafiya sun haɗu a wata fada, bakinsu ya rufe, kowa na ba da tarihinsa ta hanyar jera katunan tarot, kuma katunan da wani ya jera, in an karanta su ta wani gefen, sai su ba da labarin wani mutum dabam. Shi Calvino ya san ƙagen labari yake yi, bai kuma ɓoye ba.

Na biyu, mutum na son ya ga kansa a cikin magana. A 1948 wani malamin ilmin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji, ya ce zai ba kowa bayanin halinsa na musamman. Bayan mako guda ya miƙa wa kowa takardarsa, ya ce su ba ta maki daga sifiri zuwa biyar gwargwadon yadda ta dace da su. Matsakaicin makin ya haura huɗu. Ashe takarda iri ɗaya ya raba musu duka, ya tsinto jimlolin ne daga wani littafin duban taurari na kasuwa.

Na uku shi ne wanda kakanninmu suka riga suka faɗa: labarin zuciya a tambayi fuska. Mai duba na kallon shekarun mutum da suturarsa da zoben hannunsa, yana jefa magana yana lura da inda ido ya ƙifta. In ya ga an gyaɗa kai sai ya bi wannan hanya, in ya ga an yamutsa fuska sai ya ce ai katin na biyu ya sassauta na farko. Da ɗan gari kan ci gari. Sau da yawa shi kansa mai duban bai san haka yake yi ba, ya ɗauka baiwa ce. Daga baya kuma mai tambaya zai riƙe wadda faɗuwa ta zo daidai da zama, ya manta da goman da ba su faru ba.

Tsakanin Tarot da Bugun Ƙasa

Wannan dabara ta haɗa alama biyu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin a kanta aka gina bugun ƙasa, wanda Larabawa ke kira ilmin ramli. Mai bugu kan ɗiga layuka a rairayi ba tare da ƙirgawa ba, sa'an nan ya soke ɗigon bibbiyu ya ga ko ɗaya ya rage ko biyu. Kowace alama tana da hawa huɗu, kowane hawa ɗigo ɗaya ko biyu, shi ya sa alamomin suka zama 16. Daga uwaye huɗu ake fitar da 'ya'ya, a riƙa haɗa alama biyu suna haifar da ta uku, har a kai ga ta goma sha biyar, wadda ke yanke hukunci kamar alƙali. Turawa ma sun fassara wannan ilmi daga Larabci zuwa Latin tun a ƙarni na 12.

In ana maganar tsari, bugun ƙasa ya fi tarot, domin ƙa'idar haɗinsa ɗaya ce, kowa ya haɗa alama kaza da kaza abu ɗaya zai samu. Amma tsari ba ya mai da abu gaskiya, ɗigon da hannu ya yi a rairayi bai san ranar ɗaurin auren kowa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki masu da'awar sanin gaibu ta wannan hanya a rubuce-rubucensa, Musulunci ya keɓe sanin gaibu ga Allah, ya hana zuwa wurin masu duba, manyan majami'un Kirista ma sun hana. Ba za mu shiga gonar malamai ba. Abin da kawai muke cewa shi ne, wanda ya raina ɗan duban ƙauye saboda yana zaune bisa buzu, sa'an nan ya girmama na Landan saboda yana da littafi mai bango, bai waye ba, ubangida ya canza. Duk kanwar ja ce.

Abin da Ya Shafe Mu

Akwai masu cewa su ba gaibu suke nema ba, katunan madubi ne kawai da ke taimaka musu su yi tunani. Wannan magana ta fi ta masu da'awar Masar gaskiya, kuma babu aibi ga wanda ya nazarci katunan a matsayin tarihi ko fasahar zane. Sai dai madubi ba ya nuna maka sai abin da ka zo da shi. In da zargi ka zo, zargi za ka gani, ya kuma dawo maka sanye da rigar hujja.

A nan haɗarin yake. A ce matashiyar matar aure, zuciyarta ba ta kwanta da mijinta ba, aka juya mata Takubba Uku kusa da Sarauniya. Mai duba zai ce akwai wata mace tsakaninku. Bai ambaci suna ba, ita za ta cike gurbin: uwar miji, ko ƙanwarsa, ko wata abokiyar aikinsa. Alhali kuwa sarauniya huɗu ce a cikin kartar, kuma fitowar aƙalla ɗaya a cikin kati goma ya haura sau 40 cikin 100. A kan wannan za a daina gaisawa, a ƙi cin abincin wata, watakila aure ya mutu. Haka saurayin da zai ƙi karɓar aiki a wata jiha domin Hasumiya ta biyo bayan Sulalla Takwas, ko ɗalibin da zai saki karatu domin an yi masa albishir da Rana.

Sa'an nan, 'yan'uwa, wannan cuta ba a kan tebur ɗin mai duba kaɗai take ba. Da yawa daga cikinmu gobe za mu zauna a ofisoshin gwamnati, wasu ma sun riga sun zauna. Wata rana za a kawo maka fayil, takarda ta farko na cewa kuɗi sun ɓace a ofis ranar Litinin, ta biyu na cewa an ga masinja da sabon babur ranar Laraba. Kati biyu ke nan an ajiye maka. Kafin ka ƙifta ido zuciyarka ta riga ta rubuta labarin, saura ka sa hannu a kori bawan Allah, wanda watakila adashi ya kwasa. Haka jarida kan jera hoto biyu a shafi ɗaya ta bar mai karatu ya yanke hukuncin da ita ba ta isa ta rubuta ba. Haka mai neman ƙuri'a zai ce na hau mulki, damina ta yi kyau.

Saboda haka muna ba da shawarar tambayoyi uku ga duk wanda aka ajiye wa abu biyu gefe da gefe, kati ne ko takarda. Wa ya zaɓo waɗannan biyun, kuma me ya bari a baya? Da an juya su, na baya ya dawo gaba, shin labarin zai canza? Sa'an nan, wane abu ne in ya faru zai nuna fassarar ba daidai ba ce? In an ce babu, kome ya faru ta yi daidai, to a ajiye ta, a tafi a nemi shaida. Wanda kuma abu ya dame shi, yana da iyaye da malamai da abokai na gari waɗanda suka san shi, waɗanda zai iya ja da maganarsu, su kuma ɗauki nauyin abin da suka faɗa masa. Bayan shawara ga addu'a, bayan addu'a sai mutum ya tashi ya yi aikinsa.

Shugaba, a nan za mu dakata domin a bar wa masu tambaya lokaci.  Allah Ya ƙara mana basira, Ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema.